Kada kujera ta zama ita ce sana'arka

'Yan uwana matasa, musamman masu sha'awar siyasa, ina so ku san labarin wata dattijuwa daga can ƙarshen arewacin Kanada, sunanta Eva Aariak. 'Yar ƙabilar Inuwit ce, an haife ta a 1955 a yankin Arctic Bay, wani ɗan gari a tsibirin Baffin inda rana kan ɓace fiye da wata biyu a lokacin hunturu.

Yankin nasu, Nunavut, ya samu gwamnatin kansa ranar 1 ga Afrilun 1999. Faɗinsa ya ninka Najeriya sau biyu, amma mutanensa a ƙidayar 2021 ba su kai 40,000 ba, a warwatse cikin garuruwa 25 da babu titin mota tsakaninsu. Sai jirgin sama, ko jirgin ruwa idan ƙanƙara ta narke.

Kafin Eva ta nemi ƙuri'ar kowa, ta yi koyarwa, ta yi aikin samar da littattafai cikin harshensu na Inuktitut domin makarantu, ta kuma yi aikin jarida a CBC, gidan rediyo da talabijin na ƙasar Kanada. Da aka kafa yankin, ita aka fara naɗawa kwamishinar harsuna, mai sa ido kada Turanci da Faransanci su danne harshen gida a ofisoshin gwamnati. Bayan nan ta buɗe shago a Iqaluit, babban birnin yankin, mai suna Malikkaat, tana sayar da kayan aikin hannun mutanenta. Ta kuma shugabanci ƙungiyar 'yan kasuwa ta yankin Baffin. Wadda ta riƙe babban ofishi ta koma tana karɓar kaya daga hannun masu ɗinki da sassaƙa, tana lissafin jari da riba, kuma hakan bai rage mata daraja ba ko kaɗan.

Sai a 2008, tana da shekara 53, ta tsaya takarar majalisar Nunavut, ta kuma ci. Cikin 'yan majalisa 19 ita kaɗai ce mace. A Nunavut babu jam'iyyu. Kowa da sunansa yake tsayawa, sannan waɗanda suka ci su zauna su zaɓi Firimiya, wato shugaban gwamnatin yankin, daga cikinsu. Suka zaɓe ta a watan Nuwamba, alhali Paul Okalik, wanda ya riƙe kujerar tun 1999, yana cikin masu nema. Sabuwa ce fil a majalisa. Ni a ganina abin da ta zo da shi daga aji da ofis da kasuwa shi ya tsaya mata.

To mu fa? Yaro ya gama sakandare ko jami'a, bai taɓa koyar da ko mutum ɗaya ba, bai taɓa sayar da ko kwalin ashana ba, amma ka tambaye shi sana'arsa ya ce maka shi ɗan siyasa ne. Safe da yamma yana ƙofar gidan Honorabul, waya a hannu, yana jiran a ce a zagi wane a Facebook a tura masa kuɗin data. Wallahi abin yana ci mini rai, domin cikinsu akwai masu kaifin basira da za su iya zama malamai na gari ko 'yan kasuwa na kirki. Wanda ba shi da abin komawa ba ya iya cewa a'a. Duk ranar da aka umarce shi da abin da zuciyarsa ta ƙi, zai yi, saboda tukunyar gidansa a hannun wani take. Ku nemi sana'a, ku ƙware a wani fanni, ku bar mutane su san ku da wani amfani tukuna.

Mulkin Eva bai warware matsalolin Nunavut ba. Ƙarancin gidaje da tsadar abinci da yaran da ke barin makaranta duk sun ci gaba da damun yankin. A zaɓen 2013 ma ta sha kaye a mazaɓarta, George Hickes ya ɗauki kujerar majalisar, ta koma rayuwarta kamar kowa. A 2021 gwamnatin tarayyar Kanada ta naɗa ta Kwamishinar Nunavut, wadda ke sa hannu kan dokokin da majalisa ta zartar.