Enseladus ya kamata a fara komawa

Jama'ar Damagaram, yau ba zancen kasuwa ba ne. Ina da ra'ayi kan inda ya dace a tura kumbo marar matuƙi na gaba, kuma ba zan ɓoye ba: Enseladus, ƙaramin watan nan na duniyar Zuhal, wato Saturn, da faɗinsa kusan kilomita 500 ne.

A 2005 kumbon Cassini ya hango ruwa yana feshowa sama daga wasu tsaguna a kudancin wannan wata. Ya bi ta cikin feshin, ya ɗanɗana, aka samu gishiri, aka samu iskar haidurojin, daga baya a 2023 masana suka tabbatar har da fosfet, sinadarin da abubuwa masu rai ke buƙata. Ke nan a ƙarƙashin ƙanƙarar da ta lulluɓe watan akwai teku, kuma tekun nan da kansa yake miƙo maka abin da ke cikinsa. Duk wanda ya ga yadda dutsen garin nan yake karya masu haƙar rijiya ya san darajar ruwan da ya fito da kansa. To tun da Cassini ya ƙare aikinsa a Satumban 2017, babu wanda ya koma. Wannan yana damuna ƙwarai.

Ban raina Yuropa, watan duniyar Mushtari, ba. Kumbon Europa Clipper ya tashi a Oktoban 2024, zai isa Mushtari, wato Jupita, a 2030. Amma tekun Yuropa yana ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin kilomitoci da yawa, ga tururin radiyeshan da ke kewaye da Mushtari yana ƙona na'urori. Shi ya sa kumbon ba zai zauna ba, sai dai ya riƙa wucewa kusan sau 50 yana leƙawa. Kumbon Juice na Turai ma Ganimid, wani watan Mushtari, ya nufa. Kumbon Dragonfly kuma, mai farfela takwas, Taitan za shi, wani watan Zuhal.

Sai batun wuta, wanda shi ne ƙashin bayan komai. A Mushtari hasken rana bai kai kashi 4 cikin ɗari na namu ba, sai da aka shimfiɗa wa Clipper farantan sola masu tsawon kusan mita 30. A Zuhal kuwa kusan kashi 1 ne kacal. Can injin da ke juya zafin fulutoniyam-238 zuwa lantarki ne abin dogaro, irin wanda ya ciyar da Cassini shekara 13 a kewayen Zuhal. Wannan sinadari kaɗan ake samarwa, kuma duk wanda ke maganar tafiya can bai yi maganarsa ba, bai fara ba tukuna.

Kuma dole kumbon ya iya yanke shawara shi kaɗai, domin saƙo daga nan sai ya haura awa guda kafin ya isa.

Rahoton masanan Amurka na 2022 kan inda za a tura manyan kumbuna ya sa duniyar Yuranus a gaba, Enseladus na biyu. Ni da na juya su. A gina kumbon da zai kewaya, ya sauka kusa da tsagunan, ya tari ƙanƙarar da ke zubowa, ya auna ko da rai a ciki.