Ina Faya-fayan Samanja Suka Shiga?

Abin takaici ne a ce mutum zai zagaye shagunan masu tura fina-finai a Kano ko Kaduna, ya samu cikakken jerin Mr Bean, wanda aka fara nunawa a Ingila a 1990, amma ya rasa cikakken jerin Samanja Mazan Fama, wasan da marigayi Usman Baba Pategi ya shafe shekaru yana sa magidanta da yara dariya da shi a talabijin. Haka lamarin yake ga wasannin Karkuzu da na Ƙasimu Yero.

Abin da ake samu bai wuce guntaye a YouTube ba, hoto ya dushe, murya tana shaƙewa, wani lokaci ma wasan ya yanke ana tsakiyar zance. Kaset ɗin bidiyo, kowa ya sani, ba ya jure zafi da ƙura da danshi, kuma kowace damina tana ƙara cinye abin da ya rage. Mayar da shi cikin kwamfuta ba gagarumin aiki ba ne. Rashin wanda zai ɗauki nauyi ne kawai. Masu saye kuwa muna nan, da kuɗinmu a hannu.