Jirgin sojan da Nijar ta fi buƙata ba shi da kyan gani

Duk lokacin da aka ce ƙasa kaza ta sayo sabon jirgin yaƙi sai ka ga samarinmu na Yamai sun cika Facebook da hotuna, wannan ya ce Rafale ne sarki, wancan ya ce ai Sukhoi ba ta da sa'a, wani kuma da F-35 kawai yake rantsuwa, a fada ma in shayi ya hau wuta gardamar ke nan har a sha na uku. Kuma kullum tambaya ɗaya ake ƙarewa da ita, wai mu yaushe za mu samu irin wannan? To ni dai a ganina tambayar ce ba daidai ba. Jirgin da ya fi yi wa ƙasar nan aiki, wanda ya kamata mu riƙa tambayar lafiyarsa, shi ne wannan ƙaton mai tumbi da farfela huɗu da mutanen unguwar Aeropor suka saba jin ruginsa, wato C-130 Hercules.

Asalinsa daga yaƙin Koriya ne. Amurkawa sun ga jiragen dakon da suka gada daga yaƙin duniya na biyu ba sa biya musu buƙata, sai a 1951 sojan samansu suka ce a ƙera musu jirgin da zai ɗauki soji da motoci, ya sauka a filin da ba kwalta, ya kuma tashi a gajeren wuri. Kamfanin Lockheed ya ci kwangilar, jirgin ya fara tashi ranar 23 ga Agusta 1954, ya shiga aiki a 1956, kuma har yau ɗin nan ana ƙera shi, an fitar da fiye da 2,500. Jirage nawa aka yi yayinsu a tsakanin nan suka wuce, yanzu suna gidan tarihi yara na ɗaukar hoto da su?

Abin da ya sa ya daɗe yana cikin ƙirarsa, kuma ko ba ka yi lakkwal na injiniya ba in ka tsaya ka kalle shi za ka gane. An ɗora fukafukan a saman gangar jiki, don injuna su yi nesa da ƙasa kada su sha tsakuwa da rairayi lokacin sauka. Cikinsa kuma yana ƙasa-ƙasa, kusan daidai tsayin bayan kamiyo, sai a matso da mota a turo kaya kai tsaye ba sai an nemo wata na'urar ɗagawa ba. Ƙofar bayansa tana saukowa har ƙasa, kat-kat ta hau da ƙafarta ta shige, kuma ana iya buɗe ta jirgi na sama a sako sojan lema ko kayan abinci. Tayoyin ma ba a cikin tumbin suke naɗewa ba, an yi musu wuri a gefe da gefe don kada su ci filin kaya. Samfurin H, irin wanda muke da shi, yana ɗaukar soji 92 ko sojan lema 64 ko gadajen majinyata 74, in kaya ne kuwa wajen tan 19. Ba ya gudu kamar jet, wajen kilomita 540 yake yi a awa, amma wa ya ce tsere za mu yi? In Rafale dokin hawan salla ne, to wannan raƙumin ayarin Bilma ne, ba a yi masa kwalliya amma shi ke kai gero ya dawo da gishiri.

Yanzu ku buɗe taswira. Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ce, mafi yawanta hamada. Daga Yamai zuwa Diffa a mota ya haura kilomita 1,300, kwambar soji in ta kama hanya sai ta kwana, ga zafi, ga faci, ga wanda ke laɓe yana ƙirga motoci. Hercules bai cika awa 3 ba ya sauka. Dirku da Madama kuwa ba a ma maganar kwalta, daga Agadas rairayi ne kawai da sawun taya. Sojan da aka girke can harsashi yake so da ruwa da magani da wanda zai canje shi in wa'adinsa ya cika, in kuma an harbe shi yana so a kai shi gaban lokotoro kafin jini ya ƙare. Ba jirgin yaƙi ko ɗaya, komai tsadarsa, da zai yi masa ko guda daga cikin waɗannan.

Kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun 1979, zamanin Seyni Kountché, lokacin kuɗin iraniyom na shigowa, Nijar ta sayi biyu. Ɗaya ya faɗi kusa da Yamai a watan Afrilun 1997, mutum 14 suka rasu, Allah ya jiƙansu, ɗayan ya ci gaba da ɗaukar nauyin ƙasa shi kaɗai shekara da shekaru. Daga farkon 2021 zuwa ƙarshen 2022 Amurka ta miƙa mana uku, tsofaffin hannu da aka sabunta, aka karɓe su a sansanin sojan sama na 101 da ke Yamai.

Na san abin da wani zai ce, ai jirgin dako ba ya harbi, ɗan ta'adda ba buhun shinkafa yake tsoro ba. Gaskiya ne, kuma ban ce a zubar da masu harbi ba. Su-25 guda biyu da aka sayo daga Ukraine a 2013 zaɓi ne mai hankali, don shi ma irin wannan tunanin aka yi wajen ƙera shi: Tarayyar Sobiyet ta yi shi ne ya yi ƙasa-ƙasa ya taimaki sojan ƙasa, an kewaye matuƙin da sulken titaniyom, kuma yana jure filin da ba shi da kyau. Haka dron ɗin Bayraktar TB2 na Turkiyya da suka iso a 2022, suna iya wuce kwana guda cur a sama suna kallo, abin da ba matuƙin da zai iya. Amma ku tuna kwanton ɓaunan da aka yi wa sojanmu da na Amurka a Tongo Tongo, ranar 4 ga Oktoba 2017. Jiragen yaƙin Mirage na Faransa sun taso daga nan Yamai sun iso wurin, sun yi ta shawagi ƙasa-ƙasa, amma ba su saki bam ko ɗaya ba saboda daga sama ba a iya bambance namu da nasu. Waɗanda suka kwashe masu rauni daga baya jirage masu saukar ungulu ne. Abokin gaba da ke zuwa kan babur ya watse cikin ƙauye, gudun da ya fi sauti bai da abin da zai yi masa, in ma aka matsa sai a samu irin abin da ya faru a Nachade cikin Madarunfa a Fabrairun 2022, inda bam daga sama ya kashe yara 7.

Maƙwabtanmu ma sun nuna mana. Gaddafi ya tara MiG da Sukhoi da Tupolev, Chadi kuwa Toyota gare ta, amma a watan Maris 1987 'yan Chadi suka shiga sansanin sojan Libiya na Wadi Dum suka tarar da jirage a ajiye a ƙasa suka kwashe ganima.

Inda hankalina ya fi tsayawa shi ne kayan gyara, don nan ne ake cin ƙasashe irin namu ba a sani ba. Ranar karɓar jirgi akwai fareti da talabijin, ranar da farfela ta gaji ba wanda zai zo. Ƙurar hunturu tana cinye injin a hankali, zafin watan Afrilu kuma yana rage masa ƙarfi, don iska in ta yi zafi ba ta da kauri, dole a rage kaya ko a nemi dogon fili. Kowane jirgi yana da awoyin da in ya cika dole a kwance shi a duba, wani gyaran ma sai an fita da shi waje ya yi watanni. Shi ya sa in an ce kana da uku, ka ƙaddara ba kullum ukun ke tashi ba. Shi kuma Hercules ɗan Amurka ne, piyes ɗinsa ba sa fita sai da izinin Washington, ga shi Faransawa sun tafi a Disamba 2023, Amurkawa sun bar sansanin 101 a Yuli 2024, suka bar na 201 na Agadas a Agusta. Mali ta ɗanɗana irin wannan, ta sayi C-295 na Airbus da kuɗinta amma jirgin ya makale a Turai watanni saboda akwai na'urar Amurka a ciki da aka hana lasisinta, sai a 2022 ya iso Bamako.

Saboda haka in ana zancen 'yancin kai a fannin tsaro, ni abin da nake so in ji daga hukuma shi ne makanikai nawa aka tura koyo, wane gyara ne yaranmu ke iya yi a nan Yamai ba sai an jira Bature ba, kuma in za a sake sayen jirgin dako, daga Turkiyya ne ko Sin ko Rasha ko Brazil, a rubuta maganar piyes da horo cikin kwangilar tun kafin a biya ko dala. Ƙasashen AES uku, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, duk nisa ɗaya ke damunsu, da za su daidaita su sayi iri ɗaya su gina wurin gyara ɗaya, da makanikin Wagadugu zai iya kwance injin jirgin Yamai, piyes ɗin da ke ajiye a Bamako kuma ya tashi wanda ya kwanta a Agadas.