Kwana Tara Allona Yana Baƙi, Katin Kuwa Lafiyarsa Ƙalau

Assalamu alaikum. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi mini haƙuri, abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ina da ɗan shago a garinmu, nan gefen Ringim. Katin gayyatar biki, kalanda, hoton fasfo, takardun jarrabawar makarantu, duk ina bugawa. Daga bara sai mutane suka fara kawo mini bidiyon ɗaurin aure da na walimar saukar Alƙur'ani in haɗa musu. Kwamfutata tsohuwar Dell ce ta ofis, irin ta hannu da ake kawowa daga Turai. Tana ɗaukar manhajar zane ta CorelDRAW ba gardama, amma da an ɗora mata bidiyo sai ta riƙa ja kamar amalanken da aka cika da taki. Da kaka ta yi na sayar da riɗina, na hau mota zuwa Kano na sayo katin hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik kad, wato abin da ake sakawa cikin kwamfuta don ya ƙara mata ƙarfin sarrafa hoto da bidiyo. GTX 1050 Ti ne na hannu. A gabana aka gwada shi a shagon, hoto ya fito tar.

Na dawo gida na saka shi a mazauninsa, na mayar da shuɗiyar wayar monita inda take a da, na kunna. Fanka tana juyawa, fitila tana ci, allo kuwa baƙi ƙirin, sai ɗan rubutun "No Signal" yana yawo. Wannan kuskuren nawa ne, kuma yanzu na san dalilinsa. A yawancin kwamfutoci, da an saka sabon kati, tsohon ramin hoto na jikin madabod, wato babban faifan da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kai, yakan daina aiki, dole wayar ta koma ramukan katin da ke can ƙasa. To amma da na leƙa, babu shuɗin rami a jikin katin. Rami uku ne: HDMI, da DisplayPort, da wani fari mai faɗi da ake kira DVI.

Washegari na kai wa wani mai gyara a cikin gari. Ya ɗauko ƙaramar adafta, gefe ɗaya DVI, gefe ɗaya shuɗi. Ta ƙi shiga, don akwai wasu haƙora huɗu a gefenta da ba su da wurin shiga a jikin katin. Sai ya sa filaya ya cire su, ya tura da ƙarfi, ta zauna. Hoto bai zo ba. Ya ce kati ya mutu, in mayar wa mai shi.

Na sake kama hanyar Kano, na sauka a 'Yankaba, na ƙarasa kasuwa. Mai shagon ya jona katin da nasa allon ta HDMI, ya kawo nan take. Na ce, "Alhaji, to me ya sa a wurina ba ya kawowa?" Ya ce, "Malam, ai fawa fak ɗinka ne ya yi ƙarami, ga wani nan in za ka saya." Fawa fak shi ne akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta. Bai tambaye ni wane irin monita nake da shi ba, ba a zuwan farko ba, ba a na biyu ba. Allah ya taimake ni kuɗin hannuna ba su kai ba.

Kwana tara shago ba ya aiki. Kalandar wani biki da na karɓi kuɗinta sai da na mayar wa masu ita, ina ba su haƙuri. Wanda yake sana'a a ƙauye ya san abin da wannan yake nufi, don mu nan kowa ya san kowa, idan ka saɓa alƙawari sau ɗaya har a masallaci za a ji.

Wanda ya warware matsalar wani malamina ne da ya koyar da mu a sakandare, ya zo buga takardun jarrabawa ya tarar da ni zaune na yi tagumi. Ya ɗauki adaftar nan da aka yi wa giɓi, ya juya ta, ya ce, "Ɗalibina, wanda ya cire haƙoran nan ai shi ya cire hoton." Sannan ya zauna ya yi mini bayani.

Shuɗiyar wayar, wato VGA mai haƙori 15, tun 1987 kamfanin IBM ya fito da ita. Tana aika hoto ne ta hawa da saukar ƙarfin lantarki, tsarin da ake kira analog. DVI ya zo a 1999 yana aika hoto da lambobi, wato dijital. Sai dai DVI iri-iri ne. Akwai DVI-I, mai ɗauke da tsohon tsari da sabo gaba ɗaya, kuma haƙoran nan huɗu su ne hanyar tsohon tsarin: ɗaya na launin ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi, na huɗun yana daidaita layukan hoto. Akwai kuma DVI-D, wanda dijital ne zalla, shi ya sa ba a ma huda masa wurin haƙoran ba. Katunan kamfanin Nvidia na jerin GTX 10 da suka fito a 2016, har da nawa, an cire musu analog gaba ɗaya. Ƙaramar adafta kuwa ba ta juya komai, miƙa abin da ta samu kawai take yi, ga shi babu abin da za ta samu.

Daga nan Malam ya juya monitar ya kifa ta a kan tebur, ya hure ƙurar hunturu da ta toshe ƙasanta. Sai ga farin ramin DVI kusa da shuɗin, shekara huɗu ina amfani da allon ban taɓa lura da shi ba. Muka aiki direban motar garinmu ya sayo waya mai DVI a kai biyu. Muka kashe komai, muka cire wuta, muka jona, muka ɗaure kusoshin gefe. Allo ya ci gaba da zama baƙi, gabana ya faɗi. Malam ya danna maɓallin zaɓen hanyar shigar hoto da ke gefen monitar, ya mayar da ita daga VGA zuwa DVI, tambarin Windows ya bayyana. Rubutun ya fito manya-manya ba kyau, sai da na je Ringim inda sabis ya fi ƙarfi na sauko da direban katin, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da shi yadda ya kamata, sannan komai ya daidaita. Maganar fawa fak kuwa, katin nan wutar da yake sha ba ta wuce wat 75, kuma daga mazauninsa yake jan ta. Har yau tsohon fawa fak ɗin ne a ciki.

Abin da nake so in faɗa wa masu sayar da kayan kwamfuta a birni shi ne, don Allah ku riƙa tambaya. Idan mutum ya zo daga Ringim ko Gumel ko Ɓaɓura zai sayi kati, ku tambaye shi wace irin waya monitarsa ke amfani da ita kafin ku karɓi kuɗinsa. Ku kun san yawancinmu shuɗiyar waya ce a hannunmu, tunda ku kuka sayar mana da tsofaffin allunan. Wanda ke Kano idan ya samu matsala, Adaidaita Sahu zai hau ya dawo cikin rabin sa'a. Mu kuwa yini guda ne, da kuɗin mota zuwa da dawowa, da shago a rufe. Na san wani zai ce ai mai saye shi ya kamata ya bincika. Na yarda da rabin maganar, don ni ma da na duba bayan allona tun farko da ban sha wannan wahalar ba. Amma wanda ya sani ya ga wanda bai sani ba zai faɗa rami, ya yi shiru, har ya nemi ƙara sayar masa da abin da ba ya buƙata, ni a wurina wannan cin amana ne ko da kayan da ya sayar lafiyayye ne.

Masu gyara na kusa da mu kuma, 'yan'uwana, in abu ya ƙi shiga akwai dalili. Cewa "ban sani ba, bari mu tambaya" bai taɓa rage wa kowa daraja ba. Na fi jin ciwon hukuncin da aka yanke cewa kati ya mutu fiye da adaftar da aka lalata, don shi ya tura ni Kano a banza.

Makon jiya wani matashi daga wajen Taura ya kira ni, shi ma allonsa ya yi baƙi bayan ya saka kati. Na ce ya turo mini hoton bayan monita da bayan kwamfuta ta WhatsApp. Tasa monitar shuɗin rami kaɗai gare ta, don haka maganinsa daban da nawa. Sai ya nemi konbata mai ɗan akwati, wadda ke juya dijital zuwa analog da gaske, daga HDMI zuwa VGA. Na ja masa kunne ya karanta kwalin da kyau, don hanya ɗaya take bi, ta VGA zuwa HDMI ba za ta yi masa aiki ba. Direba ya kawo masa ita ranar Talata da yamma, bayan sallar isha'i ya kira ni ya ce hoto ya fito.