Kalangun da ba ya jin mawaƙi

Zaman da nake yi a Landan ya sa na lura cewa ƙungiyoyin makaɗa na nan, idan za su haɗa gargajiya da zamani, tun wurin ƙulla waƙar suke shigar da gargajiyar. Fairport Convention sun ɗora tsofaffin waƙoƙin Ingila a kan jita mai lantarki a faifansu na 1969, sannan The Pogues, waɗanda suka haɗu a wannan birni a 1982, suka ɗauko karin waƙoƙin mutanen Ayilan da sarewarsu suka zuba musu zafin kiɗan samarin lokacin. A irin wannan aiki mutum biyar ko shida ne ke zama ɗaki guda, mai goge ya kawo kari, mai ganga ya ce bai zauna ba, a yi ta ja ana sassautawa har waƙar ta tsaya da ƙafarta.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan kafa amshi, 'yan amshi su riƙe masa shi, shi kuma ya yi ta ƙulla ɗiyan waƙa a gaban jama'a, yayin da makaɗi ke matse igiyoyin kalangu a hammata yana saki domin ganga ta bi hawa da saukar maganar. Idan mawaƙi ya sauya zance, kalangu ma sai ya sauya, domin makaɗin yana sauraro.

Abin da ke damuna da yawancin waƙoƙin sutudiyo na gida shi ne wannan sauraron ya ɓace. Mai fiyano ya riga ya shirya kiɗa kafin mawaƙi ya iso, ya ɗauko sautin kalangun da aka naɗa a kwamfuta ya yi ta maimaita shi, sai mawaƙi ya zo ya cusa baitukansa, ko da karin kalmomin zai karye. Na san dalilin, kuma ba na raina shi: biyan makaɗa biyar ya fi biyan mutum ɗaya tsada, kasuwar waƙar fim kuwa ba ta jira.

Amma makwabtanmu sun nuna cewa ana iyawa. Tinariwen, Buzayen arewacin Mali da suka ci kyautar Grammy a 2012, jitarsu tana bin takun gangar tinde da tafin mata ne. Mdou Moctar na Nijar ma a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da na'urar gyaran murya irin ta mawaƙanmu, kafin daga baya ya tara makaɗa masu rai. Saboda haka laifin ba na na'ura ba ne, kuma da mai sutudiyo zai kira makaɗin kalangu ko mai gurmi tun kafin a buga kiɗan farko, ina ganin baitukan da kansu za su fito da wani zubi daban.