Yatsu biyu sun tona min asiri

Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Batirin maus ɗina ne ya mutu ana saura minti biyar a shiga mitin, na ce ai ba komai tunda akwai tocfad, wato wurin shafawa da yatsa na jikin laftof. Aka jona laftof da majigi, Oga na gaba.

Rahoton a Chrome yake, ina can ƙasa Oga ya ce in koma sama. Na sa yatsu biyu na fizga da ƙarfi. To shi abin nan in ka fizga ka ɗaga hannu ba ya tsayawa nan take, zamewa yake ci gaba da yi kamar keken da aka saki a gangara sai ya gaji don kansa, ni kuma garin gaggawa tun bai tsaya ba na danne Ctrl zan haɗa da F in nemo kalma. Ashe gungurawa in ta haɗu da Ctrl girman rubutu take ƙarawa. Ina kallo 150, 200, 300, har 500% inda Chrome ke cijewa.

Kalma ɗaya ta cika bango. Kuma duk rahoton nan ba a rasa wadda za ta fito ba sai inda na so rubuta "riba" na rubuta "ruba", ai u da i maƙwabta ne a kibod. RUBA, kowane harafi ya kai tsayin yaro. Ɗaki ya yi tsit. Oga ya cire tabarau ya ce "wannan ko ba gilashi ina gani." Na ce ranka ya daɗe yanzu zan gyara, hannu na rawa na shafa da yatsu uku zuwa ƙasa, Windows ta kwashe komai ta bar hotona na ranar sauka daga jami'a, hula a karkace.

Amma duk wannan bai ƙona min rai kamar wani abokin aikina na kusa da taga ba. Sai da aka tashi ya matso yana murmushi wai "ai da Ctrl da 0 ka danna, da ya koma daidai." Ya sani! Yana zaune yana kallo! Mutumin da cajata ke wurinsa tun watan jiya, kullum gobe, ranar nan ma ita ce jone a laftof ɗinsa, na gane ta da baƙin tef ɗin da na naɗa.

Na dai sayi batir guda huɗu. Yanzu masinja ma in mun haɗu sai ya ce yallaɓai ya ruba.