Kafin Tsohonka Ya Faɗi

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

A Suratu Maryam, aya ta 4, da Annabi Zakariyya (AS) ya kai kukansa ga Ubangiji, da ƙashi ya fara: ya ce ƙashinsa ya yi rauni, kansa ya cika da furfura. Furfura kowa na gani. Raunin ƙashi kuwa ɓoye yake, ba ciwo ba kumburi, sai ranar da tsoho ya zame a banɗaki ya kasa tashi.

Karayar ƙashin kwatangwalo ba irin karayar yaro ba ce da ke ɗinkewa cikin 'yan makonni. Fiye da kashi 90 cikin 100 faɗuwa ce ke jawo ta, galibi ta gefe, kuma a cikin gida. Wajen mutum 1 cikin 5 na tsofaffin da suka same ta ba sa cika shekara a raye, saboda abin da doguwar kwanciya ke haifarwa: ciwon huhu, gudajin jini a jijiya, gyambon baya. Iyaye mata sun fi shiga haɗarin, domin bayan ɗaukewar al'ada ƙashinsu na saurin zaizayewa.

Abin da ke damuna shi ne, mun iya kuka a bakin gadon asibiti, amma kwan fitilar da ya mutu a hanyar banɗakin Mama wata uku kenan ba wanda ya canza. Ita kuwa cikin duhun take tashi alwalar asuba, ƙasa a jiƙe, ido da yana, ga maganin hawan jini da kan sa jiri in an miƙe da sauri. In ta faɗi sai mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma Manzon Allah (SAW) ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. To ina ga hanyar da mahaifiyarka ke bi kullum dare?

Ka shiga ɗakin iyayenka yau da idon mai neman lada. Ɗauke wayar wuta da ta gitta hanya da shimfiɗar da ke naɗewa. Sa mariƙi a bangon banɗaki, ka sauya musu takalmin da ya suɗe. A duba idonsu. A kwashi magungunansu gaba ɗaya a nuna wa likita, musamman na barci, a kuma tambaye shi batun gwajin ƙarfin ƙashi. Madara, hasken rana da 'yar tafiya kullum na taimakon ƙashi da tsoka. Tsohon da aka hana motsi don tausayi ƙafarsa ce ke mutuwa.

Ku kuma iyayenmu, don Allah a daina jin kunyar sanda. Annabi Musa (AS) ya ce da tasa yake dogarawa. Tsayuwa in ta gagara, Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi sallah a zaune.

In kuwa tsoho ya faɗi, ƙafa ta gajarce ta juya waje, ko ya kasa taka ta, kar a ce targaɗe ne a yi ta murza. Kar a tilasta masa miƙewa. A kai shi asibiti nan take a ɗauki hoto, domin likitoci sun fi son yin tiyatar cikin awa 48.